Farautar ragon dutse a Alaska: tambayoyi da amsoshi kan kaya, zango da jirgi

Wannan shafi na masu son sanin yadda ake shirya farautar ragon dutse ne a jihar Alaska ta Amurka, irin farautar da ƙaramin jirgi zai sauke mutum a tsakiyar tsaunuka ya juya, ba za a sake ganinsa ba sai bayan kwana 10 ko 14. Yawancin misalan daga tsaunukan Brooks suke, can arewacin jihar, inda babu babban gari, babu hanyar mota sai ta Dalton guda ɗaya, babu kuma sabis ɗin waya.

Wane irin rago ne wannan, kuma yaushe ake farautarsa?

Ragon Dall ake kiransa. Fari ne fat, ƙahonsa mai kauri ne ruwan ƙasa-ƙasa, yana nannaɗewa gefen fuska yayin da ragon ke manyanta. Yana zaune a tsaunukan Alaska irin su Brooks, Wrangell, Chugach da Talkeetna, da kuma yankin Yukon na ƙasar Kanada. A lokacin farauta manyan raguna ba sa cuɗanya da tumaki da 'ya'yansu. Sukan ware su haye can sama, kusa da gangaren da kerkeci ba ya iya bin su.

A mafi yawan yankunan Alaska ana buɗe farautar ranar 10 ga Agusta, a rufe ranar 20 ga Satumba. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar tana fitar da littafin dokoki kowace shekara, kuma wajibi ne a karanta na shekarar da za a tafi, domin ana rufe wasu wuraren idan ragunan suka ragu. An yi haka a 2022 a wani sashe na tsakiyar Brooks bayan shekarun da hunturu ya yi musu ɓarna.

Baƙo zai iya zuwa shi kaɗai?

A'a. Ba'amurken da ba mazaunin Alaska ba ne dole ya tafi da jagora mai lasisin jihar, ko da ɗan'uwansa na kusa wanda ke zaune a can. Wanda ba ɗan Amurka ba kuwa, jagora mai lasisi ne kawai mafitarsa, a kan kowace babbar dabba. Rago ɗaya aka yarda wa baƙo a cikin shekara huɗu. Kuɗin jagora a yanzu ya haura dala 25,000, ban da lasisi da tikitin jirgi, kuma akan kama wuri tun da shekara ɗaya ko biyu.

Kada a ɗauka cewa samun jagora ya ɗauke wa mutum shiri. Jagora zai kawo tanti da abinci da sanin ƙasa, amma ƙafarka ce za ta hau dutsen, takalminka ne zai ci maka diddige idan bai dace ba.

Kaya nawa jirgin yake ɗauka?

A nan ne duk shirin yake farawa, kuma wanda ya fahimci wannan ya huta da rabin tambayoyinsa. Jirgin da aka fi amfani da shi wajen kai mafarautan rago shi ne Super Cub: matuƙi a gaba, fasinja ɗaya a bayansa, sai ɗan wurin kaya. An sa masa manya-manyan tayoyi masu laushi don ya sauka a kan tsakuwar bakin kogi ko a bayan tudu, a filin da bai fi taku ɗari biyu ko uku ba. Kamfanoni da yawa suna ƙayyade wa mutum kilo 23 zuwa 32 na kaya. Idan wurin saukar na da faɗi, ko akwai tafki, akan yi amfani da Cessna 185 ko Beaver, waɗanda suka fi ɗaukar nauyi, sai dai inda babban jirgi ke iya sauka, a nan wasu mafarautan ma suke sauka.

A filin jirgi, ko a ƙauyen Coldfoot ne ko a na Bettles, akwai sikeli. Za a ɗora ka a kai da takalminka, a ɗora jakarka, a rubuta. Idan ka wuce, a nan gaban jama'a za ka kwance jaka ka fara ajiye kaya gefe. Matuƙin ba rowa yake yi ba. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ba ya tashi a gajeren fili, kuma ransa yana ciki tare da naka. Don haka ka tambayi adadin kilon tun ranar da ka biya kuɗin ajiya, ka tambaya ko bindiga na cikin lissafin, sannan ka sayi ƙaramin sikeli ka auna kowane abu a gida, har cokali.

A zuba kaya a ƙananan jakunkuna masu laushi da ba sa shan ruwa. Akwati mai tauri ba ya shiga bayan Super Cub.

Mene ne amfanin zango biyu? Ɗaya bai isa ba?

Babban zango shi ne wanda ake kafawa kusa da inda jirgi ya sauke ka. Ƙaramin zango kuwa a bayanka yake: tanti mara nauyi, jakar barci, guzurin kwana uku zuwa biyar, kana kwana duk inda dare ya riske ka kusa da raguna.

Akwai masu cewa a manta da babban zango, a goya komai a tafi. A ganina wannan kuskure ne a tafiyar da ta wuce mako guda. Da wuya raguna su kasance kusa da filin sauka. Sau da yawa sai an yi tafiyar kilomita 10 ko 20 cikin kwari kafin a fara ganinsu, kuma wanda yake komawa babban zango kowane dare yana ƙarar da ƙarfinsa a hanya, ya rasa sa'o'in asuba da na yamma da ragunan ke fitowa kiwo. Wannan ya nuna dole a yi ƙaramin zango. Amma kuma mutumin da ya dawo a jiƙe sharkaf bayan kwana biyar, da nama a bayansa, yana bukatar wurin da zai tarar da busassun tufafi, da abinci mai yawa, da tantin da iska ba za ta ɗauke ba. Wannan aikin babban zango ne. Ba wurin farauta ba ne, wurin tsira ne da jiran jirgi.

Abin da ake bari a can: tanti na biyu mai ƙwari, tufafi saiti ɗaya a ƙulle cikin leda, guzurin kwanakin jira, ƙarin gas, gishiri, tampol, da takalmi mara nauyi na hutawa. Idan nauyi bai ba da damar tanti biyu ba, to a bar tampol da abinci, a tafi da tanti ɗaya mai kyau.

A ina ya kamata a kafa tanti?

Ba a kan filin saukar ba, ba kuma a bakinsa ba. Jirgi na bukatar hanyarsa a buɗe. Ba a tsakuwar bakin kogi da ke daidai da ruwa ba, domin ruwan sama na dare ɗaya yana iya cika kogi a tsaunukan Brooks ya shafe inda ka kwanta. A nemi ɗan tudu mai magudana, a bayan wani abu da ke tare iska. A arewacin tsaunukan babu itatuwa sai 'yan gajerun bishiyoyin bakin rafi, ƙasa kuma tsakuwa ce ko daskararriya, turaku ba sa kamawa sosai, saboda haka a danne kowane turke da dutse.

Ƙaramin zango yana da nasa sharaɗin: kada raguna su gan shi. Idonsu yana da kaifi ƙwarai, kuma farin rago da ya hango mutum yana yawo a tsakiyar kwarinsa zai tsallaka zuwa wani kwarin cikin dare. A kafa a bayan wata lanƙwasa ko cikin wani lungu, kusa da ruwa. A can saman tudu ruwa yakan yi wuya, sai an sauko an ɗebo.

Guzuri fa?

Lissafin da yawancin masu wannan farauta ke bi shi ne giram 700 zuwa 900 na busasshen abinci a kowace rana. Kwana 12 ke nan kusan kilo 10, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na duk abin da jirgi ya yarda maka. Shi ya sa ake zaɓar abinci mai maiƙo, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke riƙe ciki: gyaɗa da man gyaɗa, cuku, cakulan, busassun 'ya'yan itace, man zaitun a ƙaramar gora, madarar gari. Da dare kuma abincin leda busasshe irin na Mountain House, wanda ake zuba wa tafasasshen ruwa a jira minti goma.

A raba abincin kowace rana a ledarsa, a rubuta lamba. Idan ba a yi haka ba, yunwar kwana na huɗu za ta cinye rabon kwana na tara.

Sannan a ƙara guzurin kwana uku a kan kwanakin da aka tsara, a bar shi a babban zango, kada a taɓa. Wannan na jiran jirgi ne.

Dabino da dakuwa da ƙuli-ƙuli irin abincin da wannan tafiya ke so ne, ba sa lalacewa, ba sa bukatar wuta. Kilishi ma da ya dace, amma Amurka ba ta barin a shigo da nama daga Najeriya ko Nijar, kuma duk wani abincin da aka zo da shi sai an bayyana shi ga jami'an kwastan. Musulmi ya karanta bayan kowace ledar abinci kafin ya saya, domin da yawansu akwai naman alade a ciki, ya kuma sanar da jagora tun da wuri.

Gas ɗin girki ba ya hawa jirgin fasinja, sai a birnin Fairbanks ko Anchorage na Alaska ake saye. A tambayi matuƙin ƙaramin jirgin irin man da ya yarda a ɗauka. Ruwan rafi kuma, duk kyan ganinsa, a tace shi ko a sa masa ƙwaya, saboda ƙwayar cutar da ke sa gudawa.

Wane irin sanyi ake yi a watan Agusta, kuma me zan sa?

Rana ɗaya tana iya kawo zafi da sauro da hantsi, ruwa da azahar, dusar ƙanƙara da dare. Ruwa na daskarewa a gora tun cikin Agusta, zuwa Satumba kuwa hunturu ya fara leƙowa. Abin da ke kashe mutane a can ba tsananin sanyi ba ne shi kaɗai, jiƙa ce tare da iska.

Saboda haka babu auduga, ko singileti. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, tana kuma zuƙe ɗumin jiki. A jikin fata a sa ulu mai laushi ko yadin roba, a bisa shi riga mai ɗan kauri, sai rigar ɗumi mai kumburi da ake sawa idan an zauna duba tsauni, sai riga da wandon ruwa na ƙwarai. A kan rigar ruwa ba a neman araha. Safa ƙafa uku ta isa: ɗaya a ƙafa, ɗaya tana bushewa, ɗaya ta barci kawai. Jakar barci wadda ke jure sanyin digiri 7 zuwa 10 ƙasa da sifiri, a ƙunshe ta cikin leda ko da jakar goyonka na da murfi.

Takalmi shi ne abin da zan fi ja wa mutum kunne a kai. Ana bukatar mai tauri, mai riƙe idon sawu, domin yini ake yi ana ratsa gangare a karkace a kan duwatsu masu zamewa. A saye shi da watanni, a yi ta tafiya da shi da kaya a baya har ya saba da ƙafa. Sandunan dogarawa guda biyu ba ado ba ne. Su ke ceton gwiwa a gangara, su ke riƙe mutum a tsallaken kogi.

Bindiga ko madubin hangen nesa, wanne ya fi muhimmanci?

Madubi. Bindiga mara nauyi irin .270 ko .30-06 ta wadatar, muddin mai ita ya saba da ita, da harsashi 15 zuwa 20. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana bukatar izinin hukumar tarayya kafin ya shigo da bindiga, don haka da yawa suna aron ta jagora. A gwada saiti bayan an sauka, domin girgizar jirgi na iya karkata shi.

Amma farautar rago yawancinta zama ce da kallo. Madubin hangen nesa na hannu mai ƙara girman abu sau 10, da babba mai ido ɗaya wanda ake ɗorawa a kan ƙafa uku. Mutum biyu babba ɗaya ya ishe su. Da shi ake gane ko farin ɗigon da ke can kilomita uku rago ne ko dutse, kuma ko ya cancanci hawan sa'a biyar.

Yaya ake gane ragon da doka ta halatta?

A mafi yawan yankuna sai rago ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa uku: ƙahonsa ya kewaya da'ira cikakkiya idan an dube shi daga gefe, ko ƙarshen ƙahonnin biyu duka sun karye, ko ya kai shekara 8. Shekarun ana ƙirga su ne da zoben da ke jikin ƙaho, domin ƙahon yana tsayawa da girma kowane hunturu ya bar tsagi mai zurfi.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Kana kwance rub da ciki a bayan dutse, iska na kaɗa madubi, ragon yana tuƙa yana juya kai, kana ƙirga tsagi daga tsini zuwa gindi: shida, bakwai, sai na takwas ya ɓuya cikin gashin kai, ko kuma ka rasa gane ko wancan zoben gaske ne ko ƙarya, don akwai ƙananan tsage-tsage da ke ruɗar ido. Idan ka dube shi daga sama ko daga ƙasa, da'irar ma sai ta canza kama. Wanda ya harbi ragon da bai kai ba, za a ƙwace ragon, a ci shi tara. Idan akwai kokwanto ko yaya yake, a bar shi. Ragon da bai kai ba bana, nan da shekara ɗaya ko biyu zai kai, kuma garken yana bukatarsa.

Akwai wasu dokokin da suka shafi jirgi?

Akwai uku da ba a wasa da su. Ba a harbi a ranar da aka hau jirgin daji, sai bayan ƙarfe 3 na daren da ya biyo. Daga 10 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba ba a amfani da jirgi wajen neman inda raguna suke. Aikinsa kai mutane da kaya da ɗauko su. Jirgi mai saukar ungulu kuwa an haramta shi a harkar farauta gaba ɗaya. Haka nan an hana shiga da awaki ko tumakin gida a matsayin masu dako, saboda ciwon huhun da suke iya sa wa na daji.

Idan an samu rago, yaya ake yi da naman?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara shiri da ita, ba a ƙare da ita ba. Dokar Alaska ta wajabta kwashe duk naman da ake ci: cinyoyi, kafaɗu, wuya, ƙirji, haƙarƙari, da naman gadon baya ciki da waje. Ba a ɗauke ƙaho a bar nama. Ƙaho yana fita ne tare da kaya na ƙarshe. Barin nama ya lalace laifi ne da ke kai mutum kurkuku.

Naman babban rago idan an cire ƙashi yakan kai wajen kilo 30, ƙaho da fatar kai su ƙara kilo 10 ko fiye. A haɗa da kayan zangonka. Mutum biyu za su iya rabawa su fita sau ɗaya da ƙyar. Mutum ɗaya sai ya yi sawu biyu. Don haka jakar goyo ta zama mai lita 90 zuwa sama, mai ƙashin baya da ke jure nauyi, kuma kafin ka shiga kwari na uku ka tambayi kanka ko za ka iya fitowa da wannan kaya kafin ranar jirgi.

Nama abu uku yake so: sanyi, bushewa, tsabta. A zuba shi a buhunan yadi masu shan iska, ba leda ba. A zango a tara rassa ko duwatsu a shimfiɗa buhunan a kai don iska ta ratsa ta ƙasa, a ɗaura tampol a sama ba tare da ya taɓa su ba, a riƙa juya su safe da yamma. Farin gashin fata yana kama jini, a wanke shi da ruwan sanyi nan take, a feɗe kunne da leɓe, a cika shi da gishiri.

Beyar fa?

Akwai beyar mai ruwan ƙasa, wato ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata da ke iya far wa mutum, a duk faɗin Brooks. A ajiye nama da abinci taku ɗari ko fiye daga tanti, a inda za a iya hango su daga nesa kafin a matsa. Ba a cin abinci a cikin tantin barci. Babban zangon da za a bari na kwanaki, akan kewaye shi da ɗan shingen lantarki mai batir, ko a zuba abincin a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa. Wanda ya zo da feshin barkonon korar beyar ya faɗa wa matuƙi kafin a yi lodi; idan ya fashe a cikin jirgi ba mai iya buɗe ido.

Musulmi zai samu wata matsala ta ibada?

Abu biyu ne za su ba shi mamaki. Alƙibla daga Alaska arewa take kallo, da ɗan karkata yamma, ba gabas ba. Sannan a farkon lokacin farauta dare ba ya yin duhu sosai a Brooks, shafaƙi ba ya ɓacewa yadda aka saba, sai wajen 20 ga Satumba dare da rana suke kusa daidaita. Ya zauna da malaminsa kafin tafiya a kan lokutan isha'i da asuba, da sallar matafiyi, da taimama idan sanyi ya yi tsanani, da kuma hukuncin dabbar da aka harba: ambaton sunan Allah lokacin harbi, da yanka ta idan an tarar da ita da sauran rai.

Idan ranar ɗauka ta zo jirgi bai zo ba?

A zauna a wurin. Hazo ko iska ko gajimaren da ya rufe mashigar tsauni yana hana tashi kwana biyu, uku, wani lokaci fiye, kuma idan gari ya washe matuƙin zai bi layin waɗanda suka riga ka. Inda ya sauke ka nan zai neme ka. Wanda ya kama hanya da ƙafa ya ɓata wa kowa lissafi. Kowace tawaga ta riƙe na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach, ko wayar tauraro, da batirin caji. Da ita za ka gaya wa matuƙi yanayin filinka: daga ina iska ke busowa, wane tudu kake iya gani, ko ruwa ya ci gefen fili. Maɓallin neman ceto na rai da mutuwa ne, ba na ƙarewar sukari ba. Kada kuma a sayi tikitin komawa gida na washegarin ranar fitowa. A bar tazarar kwana uku ko huɗu.

Bayan an fito, saura me?

A kai ƙahon ofishin hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar cikin kwana 30 da harbi. Za su auna shi, su ƙirga shekaru, su huda su sa masa alama ta dindindin. A cika rahoton farauta ko an samu ko ba a samu ba. Wanda zai fita da ƙaho da fata daga Amurka yana bukatar takardun hukumar namun daji ta tarayya, kuma masu jima da dillalan jigila na Fairbanks da Anchorage sun san hanyar. Naman da ba za a iya tafiya da shi ba ana bayar da shi kyauta, ba a sayarwa, kuma akwai takardar miƙa nama da mai bayarwa da mai karɓa suke sa wa hannu.